Rajistar da ba komai take karɓa ba: yadda Cibiyar Rubin ta sake gina mai kula da bayananta

A kan dutsen Cerro Pachón da ke ƙasar Chile, sama da mita 2,600 daga doron teku, akwai cibiyar nazarin sararin samaniya mai suna Vera C. Rubin. Kyamararta, wadda aka ƙera a ɗakin bincike na SLAC a Amurka, tana da fiksel miliyan 3,200 a rarrabe kan sensa 189, wato ƙananan faranti masu karɓar haske. An ɗora mata aikin shekara 10: ta ɗauki hoton samaniyar kudu, ta gama, ta sake komawa farko, dare bayan dare, kuma kowane dare ana sa ran kimanin terabait 20 na bayanai. An fitar da hotunanta na farko ranar 23 ga Yuni, 2025.

Wannan rubutu ba a kan taurarin yake ba. A kan wani ɓangare ne na manhajar cibiyar wanda ba ya fitowa a hoto, ana ce masa Data Butler. Shi ne mahaɗar da kowane ɓangaren manhajar ke bi idan zai karɓi bayani ko zai ajiye. An gina shi, an yi shekaru ana aiki da shi, sannan aka rushe aka sake gini daga tushe. Dalilin rushewar da abin da aka zaɓa a gini na biyu su ne darasi ga duk mai tsara manhaja mai ɓangarori da yawa, ko da bai taɓa ɗaga kai ya kalli sama ba.

Matsalar a fili take. Hoton da ya fito daga kyamara ɗanye ne. Wani ɓangare zai share masa dattin da na'urar kanta ta saka, wani ya gano taurarin da ke ciki, wani ya daidaita matsayinsu da taswirar sama, wani ya tara hotuna masu yawa na wuri ɗaya ya haɗa su su zama hoto guda mai zurfi, wani ya auna hasken kowane tauraro. Abin da wannan ya fitar shi wancan zai ci. Mutane daban ne suka rubuta ɓangarorin, a jami'o'i daban. Ba a wuri ɗaya ma ake sarrafa bayanan ba: akwai cibiyar SLAC, akwai CC-IN2P3 a birnin Lyon na Faransa, akwai wata a Birtaniya, kuma kowace da irin ma'ajinta. Ga kuma ɗalibin da yake son gwada ɓangare ɗaya a kan kwamfutarsa ta cinya. To ta yaya ɓangare zai ce "ba ni kaza" ba tare da ya san inda kazan yake kwance ba, ko a wace siga aka rubuta shi?

Gini na farko

Ginin farko da za mu duba, wanda masu shi ke kira zuriya ta biyu, Gen2, ya amsa tambayar da hanya mai sauƙin fahimta. Ɓangare zai faɗi sunan abin da yake so, misali calexp, wato hoton sensa ɗaya da aka gama gyarawa, sannan ya miƙa 'yan maɓallai da ƙimominsu: ziyara (kallo ɗaya na wani wuri a sama) lamba kaza, sensa lamba kaza. A bayan fage, kowace kyamara tana da nata mai fassara, wanda ke riƙe da samfurin sunayen fayiloli. Sai ya cusa lambobin cikin samfurin, hanyar fayil ta fito, a buɗe a karanta. Akwai ƙaramar rajista a SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai mai zama a fayil ɗaya, amma aikinta bai wuce sanin ɗanyun hotuna da hotunan daidaita na'ura ba. Duk abin da manhajar ta samar da kanta ba ya shiga rajista. Idan kana son sanin ko wani sakamako yana nan, sai a haɗa sunan fayil ɗinsa a leƙa folda.

Bai kamata a raina wannan tsari ba. Ya raba masu rubuta lissafin kimiyya da sunayen folda, kuma da shi aka sarrafa bayanai na gaske masu yawa, musamman na kyamarar Hyper Suprime-Cam (HSC) da ke kan madubin hangen nesa na Subaru a Hawai, tun kafin kyamarar Rubin ta ga haske. Mai duba shi daga nesa zai ce ai ya game komai, tun da yana karɓar kowane maɓalli aka ba shi.

A nan ne kuma ciwon yake. Tun da mahaɗar ba ta tilasta wa kowa kalma ɗaya ba, kowace kyamara ta zo da nata harshen. A HSC ana kiran sensa ccd, a wata kyamarar mai suna DECam ana ce mata ccdnum. Abu ɗaya ne, suna biyu. Ɓangaren da aka ce bai damu da kyamara ba sai ga shi dole ya san wace kyamara ce kafin ya iya tambaya, ko kuma a rubuta masa wani kod, wato rubutun manhaja, na musamman da zai fassara. Sassaucin da aka bar wa mahaɗar bai ɓace ba, ya koma nauyi ne a kan kowane mai amfani da ita.

Na biyu ya fi wannan tsanani. Rajistar da ba ta san sakamako ba, ba ta iya amsa tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai tsara babban aiki: me ke nan, me ya rage, me ya dogara da me? Ɗauki aikin haɗa hotuna. An yanka sama gida-gida, manyan yankuna da ake kira tract, kowanne an sake yanka shi fegi-fegi, ana kiran fegin patch. Kafin a haɗa hoton fegi ɗaya, sai an san waɗanne hotunan sensa ne suka taɓa wannan fegin, daga ziyarori da dama, a darare daban. Wannan tambaya ce ta dangantaka tsakanin wuri a sama da lokacin ɗauka. Samfurin sunan fayil ba shi da bakin amsa ta. Don haka kowane mataki ya ƙirƙiro dabararsa ta nemo abin da zai ci, kowanne da umarninsa na gudanarwa, kuma haɗa matakan su zama jeri ɗaya ya zama aikin hannu na wanda ya san su duka.

Na uku shi ne sake gudanar da aiki. Masanin da ya sauya saiti ɗaya yana son sabon sakamako ba tare da ya goge tsohon ba. Gen2 ya warware wannan da folda mai nuni zuwa ga uwarta: ba a samu a nan ba, a duba can. Yana aiki muddin komai na kan faifai ɗaya mai folda. Ranar da aka ce bayanan za su koma ma'ajin gajimare, wato ma'ajin intanet, irin S3, inda babu folda ta gaske kuma kowace leƙawa tambaya ce ta intanet, dabarar "leƙa ka gani" ta zama mai tsada ƙwarai.

Mararraba

Duk wanda ya iso wannan wuri hanya uku ce a gabansa, kuma biyu daga ciki suna da daɗin bi. Ta farko faci ce: a ƙara samfura, a ƙara masu fassara, a rubuta wani kod a sama da zai ɓoye bambance-bambancen. Ta biyu ita ce wadda masu tsara manhaja suka fi faɗawa idan aka ce musu su yi abu gamamme: a yi rajista mai karɓar kowane maɓalli da kowace ƙima, kowa ya liƙa wa bayaninsa lakabin da ya ga dama, a bar bincike ya yi sauran. A ranar farko tana burge kowa, don babu wanda aka hana komai. Bayan shekara biyu kuwa za ka tarar da maɓalli huɗu masu ma'ana ɗaya, da maɓalli ɗaya mai ma'ana huɗu, kuma rajistar ba ta san ko ɗaya ba, don ba a taɓa gaya mata ma'anar komai ba.

Masu ginin zuriya ta uku, Gen3, sun ɗauki hanya ta uku. Sun saki hannu gaba ɗaya a kan inda bayani yake da sigar da aka rubuta shi, sannan suka ƙulle hannu tamau a kan yadda ake gane shi. A ganina wannan rabon shi ne zuciyar lamarin, kuma shi ne abin da ake yawan juyawa baibai: a tsananta a kan sunan folda da sigar fayil, a yi sakaci a kan shaida.

Sun fara da tsaga Butler gida biyu. Rajista, wadda ke zaune a rumbun bayanai da ake yi wa tambaya da harshen SQL, ita ta san abin da ke akwai da dangantakarsa da sauran. Ma'aji kuma shi ya san inda aka ajiye da yadda za a karanto. Rajistar na iya zama SQLite a kan kwamfutar mutum ɗaya, ko babban rumbu irin PostgreSQL a babbar cibiya. Ma'ajin na iya zama faifai na yau da kullum, ko S3, ko saba, wato kwamfuta mai yi wa wasu hidima ta intanet, irin ta WebDAV, ko ma ƙwaƙwalwar kwamfuta kawai ba tare da an rubuta komai ba, ko jerin ma'ajiyai da aka ɗaure wuri ɗaya. Ɓangaren da ke tambaya bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kalma biyu ya sani, get (karɓo) da put (ajiye).

Ginshiƙan shaida

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne yadda rajistar ke gane abu. Kowane ƙunshin bayani yana da nau'i, kuma ba a ajiye komai sai an fara yi wa nau'insa rajista. Nau'i abu uku ne: suna, da jerin ginshiƙan da ke bambance ɗaya daga ɗan'uwansa, da irin siffar da zai ɗauka a cikin Python, harshen da ake rubuta manhajar da shi, idan an karanto shi. Ginshiƙan calexp su ne na'ura, ziyara da sensa. Ginshiƙan haɗaɗɗen hoto su ne taswirar sama, babban yanki, fegi da zangon haske. Babu sauran ccd a nan, ccdnum a can. Kowace kyamara ta shigo, detector za ta kira sensa, ko tana so ko ba ta so.

Ginshiƙan nan ba sunaye ne kawai a jere ba. Kowanne yana da tebur a rumbun bayanai, kuma an rubuta dangantakarsu a fayil ɗin saiti guda. Sensa ba ta da ma'ana sai an faɗi na'ura, don sensa ta 16 a HSC daban take da ta 16 a kyamarar Rubin. Fegi ba shi da ma'ana sai an faɗi babban yanki da taswira. Wata dangantakar kuma ta wani salo ce: wanda ya faɗi ziyara ya riga ya faɗi matacin hasken da aka sa a gaban kyamara a lokacin, wanda ya faɗi matacin kuma ya riga ya faɗi zangon hasken. An raba mataci da zango da gangan. Mataci gilashi ne na zahiri a kan wata kyamara, zango kuwa yankin haske ne, kamar u, g, r, i, z da y da Rubin ke amfani da su. Kyamara biyu na iya samun gilashi daban da ke faɗawa zango ɗaya, har ma kyamara ɗaya na iya sauya gilashi bayan wasu shekaru. Da an cure su a maɓalli ɗaya mai suna filter, da ranar da aka so haɗa hotunan tsohon gilashi da na sabo sai an bi kowane ɓangare an yi masa gyara.

Haka aka raba ɗauka da ziyara. Ɗauka ita ce buɗe ido da rufewa na kyamara sau ɗaya. Ziyara ita ce abin da ake sarrafawa a matsayin kallo ɗaya. Tsarin Rubin na asali ya tanadi ziyara mai ɗauka biyu na daƙiƙa 15 kowace, wasu kyamarorin kuwa ɗauka ɗaya ce ziyara ɗaya. Tun da rajistar ta san su abu biyu ne masu dangantaka, manhaja ɗaya na tafiya da duka salon biyu.

Ga ribar a aikace. Mai bincike ya kira get, ya ce calexp, na'ura HSC, ziyara kaza, sensa kaza. Rajista ta duba ko ginshiƙan sun cika kuma sun dace da nau'in. Idan akwai wanda ya ɓace, a nan take za ta ƙi, ba sai an je an tarar babu fayil ba. Ta gano ƙunshin, ta miƙa wa ma'aji lambarsa. Ma'aji ya duba bayanansa ya ga inda fayil ɗin yake da wane mai karatu ne ya rubuta shi, ya karanto, ya mayar da shi siffar Python ɗin da aka alkawarta. Idan taswirar matsayin taurari kawai mutumin ke so, ba dukan hoton ba, sai ya ce calexp.wcs, a ciro masa wannan yankin shi kaɗai. Ko sigar fayil ɗin FITS ce, ko Parquet ne don tebur, ko JSON, bai shafe shi ba.

Tambayar nan kuma da ta gagari tsohon tsari, waɗanne hotuna ne suka taɓa wannan fegin, yanzu ta zama aikin rajista. An adana iyakar wurin da kowace sensa ta kalla a kowace ziyara, an adana iyakar kowane fegi, ana amfani da wani rabon sama mai kusurwa uku-uku da ake kira HTM don rage nema. Tambaya ɗaya ce a SQL, kuma an rubuta ta sau ɗaya domin kowa.

Ba a rubutu a kan rubutu

Saura batun sigogi daban-daban na abu ɗaya. Amsar Gen3 ita ce kundi. Kowane ƙunshin bayani ana haifarsa ne a cikin kundi ɗaya tak mai nau'in RUN, kuma a can zai zauna har a share shi. A cikin RUN guda, nau'i ɗaya da shaida ɗaya ba sa maimaituwa. Wanda ya yi put sau biyu a kan shaida ɗaya kuskure zai samu, ba za a danne na farkon ba. Mai son sake aiki sai ya buɗe sabon RUN. Kayan gudanarwar ma da kansu suke raɗa masa suna da kwanan wata da lokaci.

Sauran nau'o'in kundi ba sa mallakar komai, nuni kawai suke yi. CHAINED jeri ne na wasu kundaye, ana bi daga na farko, inda aka fara samu nan aka tsaya. Da shi aka maye gurbin folda mai uwa: ka sa sabon RUN ɗinka a gaba, babban sakamakon cibiya a baya, sai abin da ka sake yi ya rufe tsohon a idonka kai kaɗai, ba a taɓa na kowa ba. TAGGED zaɓi ne na hannu, a tsinto daga nan da can a ce waɗannan ne masu kyau. Na ƙarshe, CALIBRATION, shi ya fi nuna cewa masu ginin sun san aikin da suke yi wa hidima. Hotunan daidaita na'ura, irin wanda ake ɗauka ba tare da an ba da lokaci ba, da wanda ake ɗauka ido a rufe, da wanda ake ɗauka da haske bai-ɗaya, kowanne yana da zamanin da yake aiki, don halin na'ura na sauyawa. A wannan kundin kowane ƙunshi yana ɗauke da farkon zamaninsa da ƙarshe. Ɓangaren da ke gyara hoto ba ya zaɓa da kansa. Rajista ce ke duba lokacin ɗaukar ta ba shi wanda ya dace.

Akwai masu ganin nau'i huɗu sun yi yawa ga abin da aka ce gamamme ne, kuma gaskiya sabon shiga yakan ruɗe a kansu. Ni dai ina ganin da a ɓoye waɗannan halaye huɗu a cikin al'adar raɗa suna, wadda rabin mutane za su manta, gara a fito da su fili a ba kowanne doka.

Inda rabon bai yi tsaf ba

A kan takarda rajista da ma'aji ba su san juna ba. A aikace akwai wurin da suka haɗu. Ma'aji ma yana buƙatar wurin rubuta bayanansa: hanyar fayil, girmansa, mai karatunsa. Ana ajiye waɗannan a cikin rumbun bayanan rajistar, a tebura na musamman da rajistar ke riƙewa ba tare da ta fassara abin da ke ciki ba. Mai son tsabtar zane zai ɗaure fuska, amma akwai dalili. Ajiye abu aiki biyu ne, rubuta layi a rumbu da rubuta fayil, kuma kwamfuta na iya mutuwa a tsakaninsu. Idan bayanan biyu na rumbu ɗaya, ana iya janye su tare idan rubutun fayil ya gaza. Shara ma a mataki biyu ake yi: a fara sa alamar cewa wannan na kwandon shara ne, daga baya a goge fayilolin.

Rabon ya kuma ba da wani abu mai daraja: rajista na iya ci gaba da sanin ƙunshin da aka riga aka goge fayil ɗinsa. A aikin da sakamakon tsaka-tsaki ya fi ƙarfin ma'aji, dole a share da yawa, amma tarihin cewa an taɓa yin su, a kundi kaza, da shaida kaza, yana nan.

Wani gyaran da aka yi a hanya shi ne lambar ƙunshi. Da farko lamba ce mai hawa ɗaya bayan ɗaya wadda rumbun ke bayarwa. Da cibiya uku ke aiki kowace da rajistarta, lamba 500 a nan da lamba 500 a can abu biyu ne daban, kuma kwashe bayanai daga wannan zuwa waccan sai an sake lambobi. Aka koma UUID, lambar da kowa zai iya ƙirƙira a inda yake ba tare da ya tambayi kowa ba, kuma ba za ta ci karo da ta wani ba. Ƙaramin sauyi ne a ido, amma shi ya buɗe ƙofar maganin babbar matsalar da ke tafe.

Nasarar da ta haifi cunkoso

Da rajista ta san komai, sai ya yiwu a tsara dukan aiki kafin a fara. Kowane mataki yana bayyana abin da yake ci, abin da yake fitarwa, da ginshiƙan da yake aiki a kansu. Daga nan manhaja ke tambayar rajista ta zana taswirar ƙananan ayyuka gaba ɗaya, wane ke jiran wane, a miƙa wa masu rarraba aiki irin HTCondor ko PanDA. A 2022 an sarrafa bayanan gwaji na kwaikwayo da ake kira DP0.2 da wannan sabon tsari, kuma a wannan zamanin ne aka yi sallama da Gen2.

Sai dai abin da ya zama ƙofa ɗaya ga kowa, wuri ɗaya ne kuma da kowa zai yi layi. Dubban ayyuka na gudana lokaci guda, kowanne na tambayar PostgreSQL inda abincinsa yake, kowanne na son rubuta abin da ya fitar. Rumbu ɗaya ba zai ɗauka ba, balle idan ayyukan na wata nahiya. Tsohon tsari bai san wannan ciwon ba, saboda bai rubuta komai a rajista ba tun farko.

Maganin farko shi ne a yanko wa kowane babban aiki ƙaramar rajistarsa a SQLite, mai ɗauke da abin da yake buƙata kawai, a gama, a mayar da sakamakon babbar rajista a dunƙule. Daga baya aka ga ai taswirar ayyukan ta riga ta san komai: abin da za a karanta, inda yake, har da UUID na abin da ba a haifa ba tukuna. Sai aka gina wani Butler mai ƙaramin iko wanda taswirar ce rajistarsa, ba ya taɓa rumbun bayanai sam yayin aiki. Kod ɗin kimiyya bai sauya ba. Da ma get da put kawai ya sani, kuma su aka ci gaba da ba shi. A nan ne aka ga amfanin taƙaita abin da ɓangare ke iya gani: da an bar kowane mataki yana aika tambayoyinsa ga rajista a tsakiyar aiki, da wannan sauyin bai yiwu ba sai an sake rubuta su duka.

Kuɗin tsanani

Tsananin nan ba kyauta ba ne. Kafin mutum ya ajiye hoto ɗaya a sabuwar rajista, sai ya yi wa na'ura rajista, ya shigar da ɗanyun hotuna don a san ɗaukarsu, ya ayyana ziyarori, ya yi wa taswirar sama rajista idan zai haɗa hotuna. Wanda ya saba jefa fayil a folda zai ji kamar an ɗaure masa hannu, kuma ƙorafinsa na da tushe. Ga aikin mutum ɗaya na mako guda, wannan kaya ya fi ƙarfin tafiyar. Ba kowace manhaja ce ke buƙatar irinsa ba. Mai ɓangare uku da faifai ɗaya ya tsaya a kan abu mai sauƙi.

Nauyi na biyu shi ne sauya ginshiƙan kansu. Tun da kowane ginshiƙi tebur ne, ƙara ɗaya na nufin taɓa tsarin rumbun da ke riƙe da bayanan shekaru. An yi hakan: ranar kallo, day_obs, da farko bayani ne kawai a jikin ɗauka, daga baya aka ɗaga shi ya zama ginshiƙi mai zaman kansa, don akwai sakamakon da na dare guda ne gaba ɗaya, ba na ziyara ɗaya ba. Abin da ya sa hakan bai zama bala'i ba shi ne jerin ginshiƙan na da lambar siga, kowace rajista ta san sigar da take kai, kuma akwai kayan aiki na musamman na ƙaura daga siga zuwa siga. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda zai tsananta a kan shaida, ya tanadi hanyar sauya ta tun ranar da ya kafa ta. Kuma da yake jerin a fayil ɗin saiti yake, ba a cikin kod ba, wani aikin daban na iya rubuta nasa ginshiƙan ya ɗauki sauran injin yadda yake. Gamewar tana nan: injin bai damu da waɗanne ginshiƙai ka zaɓa ba, ya dai dage sai ka zaɓa, ka rubuta, kowa ya bi.

Gwaji na baya-bayan nan ya zo ne daga masu amfani na waje. Dubban masana za su shiga bayanan Rubin ta dandalin cibiyar a intanet, kuma ba zai yiwu a ba kowannensu mabuɗin PostgreSQL ba, ko don tsaro ko don nauyi. Sai aka sa saba a tsakani: Butler ɗin da ke hannun mai bincike yana aika tambaya ta intanet, sabar ta duba izininsa, ta tambayi rajista, ta ba shi adireshin fayil mai sa hannu wanda ke aiki na ɗan lokaci. Ga get wannan bai yi wuya ba, don ƙofa ce ƙarama mai iyaka. Wahalar tana wajen hanyoyin bincike. An daɗe da buɗe wa masu amfani rajistar kai tsaye, da hanyoyi masu yawa da aka tsara bisa zaton rumbun na kusa kuma amsa na iya zuwa kaɗan-kaɗan yadda aka ga dama. Kowace irin wannan hanya sai an sake tunaninta kafin ta iya ratsa intanet. Shi ya sa aka fito da sababbin hanyoyin bincike a jikin Butler ɗin kansa, irin query_datasets, ana karkata mutane zuwa gare su, yayin da tsofaffin ke ci gaba da aiki saboda tarin kod ɗin da aka riga aka rubuta a kansu.